Me Ya Sa Inji Ke Rawa? Nazari a Kan Awon Haɗin Mai da Iska

Gabatarwa

Ranar 29 ga watan Mayu, 2023, a dandalin Eagle Square da ke Abuja, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma 537 a gidajen man NNPC na Abuja, a watan Yuli kuma ta kai 617. A wannan lokaci na je hutu wajen kawuna, direban tasi ne da ke jigila tsakanin Nyanya da cikin gari, kuma motar ba tasa ba ce, kullum da dare sai ya kai wa mai ita balas. Na tarar da shi cikin damuwa biyu: mai ya yi tsada, ita kuma motar ta ƙara shan mai, sannan duk inda ya tsaya a cunkoson Karu sai ta riƙa karkarwa kamar mai jin sanyi.

Mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa ɗalibin Hausa da cikin inji? Amsata ita ce, dubban Hausawa ne ke cin abinci da inji, daga direba da ɗan acaɓa zuwa mai niƙa da manomin rani, amma da wuya ka ga an yi musu bayaninsa da harshensu. Bin kawuna gareji-gareji da na yi, da karatun da na biyo baya da shi, su suka haifar da wannan maƙala. Abin da za ta duba shi ne yadda ake auna haɗin mai da iska a injin fetur, wato injin da fulogi ke kunna wa wuta, da kuma alaƙar wannan haɗi da natsuwar inji ko rawarsa.

Abincin Inji

Kowa ya san mota na shan mai, ba kowa ne ya lura cewa iska ta fi yawa a abincinta ba. Injin da ke yawancin motocinmu mai bugu huɗu ne, irin wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya daidaita a 1876. Fistan zai sauka ya zuƙo haɗin mai da iska, ya hau ya matse shi, fulogi ya ba da tartsatsi haɗin ya kama wuta ya tunkuɗa fistan ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Idan inji na juyi 3,000 a minti, kowace silinda tana kama wuta sau 25 a daƙiƙa ɗaya.

Domin kilo ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus, ba ragowar mai ba ragowar oksijin, yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Idan muka mayar da lissafin zuwa abin da ido ya saba gani, lita ɗaya ta fetur tana buƙatar iska kimanin lita 9,000, wato cikin tankin ruwa na lita 1,000 har guda tara. Masana sun sa wa wannan ma'auni alamar harafin Girka da ake kira lamda. Idan haɗi ya yi daidai, lamda 1 ne. Idan mai ya yi yawa sai ya sauka ƙasa da 1, idan iska ce ta yi yawa sai ya haura 1.

A nan zan ari kalmomin masu dama kunu, don ban ga abin da ya fi su dacewa ba. Haɗin da mai ya yi masa yawa zan kira shi mai kauri, wanda iska ta rinjaya kuma tsinkakke. Kowannensu yana da ranarsa. Inji ya fi ba da ƙarfi idan haɗin ya ɗan yi kauri, wajen kilo 12.5 zuwa 13 na iska, shi ya sa mota ke neman ƙarin mai idan ta ɗauki fasinja cike tana hawan tudun Kugbo. Ya fi tsimin mai idan haɗin ya ɗan tsinke, wajen kilo 16. Amma in aka ci gaba da tsinka shi har ya doshi 18 zuwa 20, injin yau da kullum zai fara kasa kama wuta a wasu bugun. Kaurin da ya wuce kima shi ma ba alheri ba ne: baƙin hayaƙi, asarar mai, da iskar kabon monoksaid, gubar nan marar wari da ke kashe iyalai idan sun kwana da janareto a cikin ɗaki.

Awon Ido da Kunne

Tsofaffin makanikai ba su da na'ura, amma suna da awo. Sukan kwance fulogi su duba bakinsa. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat kamar an toya shi, haɗin ya tsinke. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, to lafiya lau. Sukan kuma saurari sulo, wato juyin inji lokacin da mota ke tsaye, suna murɗa ɗan sukurun kafireta har sai sautin ya kwanta. Ba na raina wannan ilimi, domin ya riƙe motocin ƙasar nan shekaru da dama. Sai dai yana da iyaka. Launin fulogi labarin makonni yake bayarwa a dunƙule, ba ya faɗin abin da ke faruwa a yanzu. Ita kuma kafireta ba ta san canjin wuri ba. Abuja tana kan tsayin mita 400 zuwa 500 daga teku, Jos kuwa kimanin 1,200, inda matsin iska ya ragu da kusan kashi 8 cikin 100. Kafiretar da aka saita a Abuja, in ta isa Jos sai haɗinta ya ƙara kauri ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Haka ma idan ƙurar hunturu ta toshe matatar iska.

Ɗan Leƙen Asiri a Salansa

Motar kawuna ba mai kafireta ba ce, mai injekta ce, cikin tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga Amurka. A irin waɗannan motoci ƙwaƙwalwar mota ce, wato ƙaramar kwamfutar da ke cikinta, ke yanke yawan man da za a fesa. To ta yaya take sanin ta yi daidai? Tana da ɗan leƙen asiri a maƙogwaron salansa, wata na'ura mai kama da fulogi wadda ke auna ragowar oksijin a cikin hayaƙi. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera ta, motocin Volvo kuma suka fara fita da ita a 1976.

Aikinta yana da ban sha'awa. Bakinta an yi shi ne da wani irin tangaran na sinadarin zakoniya, gefe ɗaya yana fuskantar hayaƙi, ɗayan yana fuskantar iskar waje. Idan ta yi zafi sama da digiri 300, bambancin oksijin da ke tsakanin ɓangarorin biyu sai ya haifar da 'yar wutar lantarki. Haɗi mai kauri yakan ba da wajen bolt 0.9, tsinkakke kuma wajen 0.1, tsakiya 0.45. Ƙwaƙwalwa na ganin 0.9 sai ta rage mai, tana ganin 0.1 sai ta ƙara, haka za su yi ta yi ba tsayawa. Wannan tsohon samfuri abu biyu kawai ya sani, ya yi kauri ko ya tsinke. A shekarun 1990 aka fara sa wa motoci wani samfurin da ke faɗin adadin lamda ɗin kansa.

Dalilin wannan tsanani shi ne abin da makanikanmu ke kira indomi, saƙar tangaran ɗin nan da ke cikin salansa wadda aka shafe da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam da rodiyam. Ita ke mayar da gubar hayaƙi marar illa sosai, amma ba ta iya aikinta duka sai haɗi ya tsaya dab da lamda 1. Abin takaici, saboda tsadar ƙarafan ne ake yawan fasa salansa a cire ta a sayar, a kuma gaya wa mai mota wai ita ke shaƙe masa inji. Gaskiya ne takan toshe, amma sau da yawa ɗanyen man da inji mai ciwo ke turo mata ne ya ƙona ta. An kama mai ihu an bar ɓarawo ke nan.

Ga kuma wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe, don shi ne mabuɗin labarin kawuna. Na'urar nan oksijin take gani, ba ta ganin mai. Idan silinda ɗaya ta kasa kama wuta, man da iskar za su fita salansa yadda suka shiga. Na'ura za ta ga oksijin da yawa ta kai rahoton cewa haɗi ya tsinke, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙara wa duk silindojin mai. Ka ga fulogi ɗaya da ya mutu ya ja wa sauran uku shan man da ba su nema ba. Haka ma idan salansa ta huje kafin wurin na'urar, iskar waje za ta shiga ta yaudare ta.

Abin da Muka Gano a Apo

Makanike biyu suka taɓa motar kafin zuwana. Na farko ya wanke nozul ya karɓi kuɗinsa. Na biyu ya zare wayar na'urar salansa, ya ce ita ke sa shan mai. Wannan kuwa ya ƙara dagula al'amari, domin ƙwaƙwalwar da ta rasa ɗan leƙen asirinta sai ta koma fesa mai bisa ƙiyasi, kuma ƙiyasin nata yakan karkata ga kauri don kare inji.

Na uku muka same shi a garejin makanikai na Apo, wani matashi mai 'yar kwamfutar gwaji. Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can su kasance da soket iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake jona irin wannan na'ura. Ya mayar da wayar da aka zare, ya bar inji ya yi zafi, sannan ya nuna mana lambobi biyu: P0171, ma'ana haɗi ya tsinke, da P0302, ma'ana silinda ta biyu tana tsallake wuta, abin da su ke kira misin. Ya kuma nuna mana adadin gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa mai. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce kada ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa. Namu ya ninka haka a sulo, amma da ya taka totur sai ya sauko.

"Baba, ka ga wannan?" in ji shi. "In a sulo ne kawai take neman ƙarin mai, to iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya."

Kawu ya ce, "Yaro, iska kuma? Ai iska kyauta ce."

"Kyauta ce Baba, amma wadda ba a ƙirga ba kai za ka biya kuɗinta."

Ya bi robobin da ke bayan totur ɗaya bayan ɗaya har ya samo wadda ta tsage. Bayanin a fili yake: a sulo iskar da inji ke zuƙa kaɗan ce, don haka 'yar wadda ke shiga ta tsaga babban kaso ce, in kuwa an buɗe totur sai ta ɓace a cikin mai yawa. Aka canja robar, aka canja fulogai da kwayil ɗin silinda ta biyu, motar ta natsu.

Ƙwarya da Ludayi

Duk awon da na ambata zuwa yanzu a bayan fage ake yin sa, bayan wuta ta ci ta cinye, kuma matsakaici ne na silindoji duka da bugu masu yawa. A nan ne masu bincike suka wuce makanike, kuma a ganina nan ne zuciyar al'amarin take.

Mu ɗauki misalin fura. Mace za ta iya zuba fura da nono da ruwa daidai gwargwado a ƙwarya, amma in ba ta dama sosai ba, wani ludayin gaya zai ɗebo, wani kuma tsararon ruwa. Lissafin ƙwarya daidai ne, amma mai sha da ludayi yake sha. Haka fulogi yake. Tazarar bakinsa kimanin milimita ɗaya ce, kuma ɗan haɗin da ya tarar a wannan wuri a daidai lokacin tartsatsi shi zai yanke hukunci. In ya tarar da haɗi mai kyau, ƙwayar wuta za ta girma da sauri ta mamaye silinda a kan kari. In ya tarar da tsararo, ko ragowar hayaƙin bugun baya, ko guguwar iska ta kaɗa ƙwayar wutar ta manna ta da ƙarfe mai sanyi, sai wutar ta makara, ko ta ci rabi, ko ta mutu. Don haka ko a lafiyayyen inji babu bugu biyu da suke daidai da juna. Bambancin ne in ya yi yawa muke jin sa a jikinmu a matsayin rawa. Ya fi tsanani a sulo, saboda a lokacin ragowar hayaƙi ta fi yawa a silinda, ya kuma fi tsanani da tsinkakken haɗi, saboda wutarsa a hankali take tafiya, ƙaramin cikas ya ishe ta.

Yaya ake auna wannan rawa? A ɗakin gwaji akan huda kan silinda a dasa ma'aunin matsi mai ƙwayar dutsen kwaz, wanda ke fitar da lantarki gwargwadon yadda aka danne shi. Sai a naɗi matsin bugu ɗaruruwa a jere, a lissafa aikin da kowane bugu ya yi, a fitar da matsakaici, sannan a ga yadda suke kauce wa matsakaicin, a mayar da shi kashi cikin ɗari. John Heywood na jami'ar MIT ta Amurka, a littafinsa na 1988 kan injuna, ya nuna cewa idan wannan adadi ya haura kimanin kashi 10 direba zai fara jin matsala a tuƙi. Masu ƙera injuna da yawa sukan tsaya a kashi 5 ko ƙasa da haka. Motar kan titi ba ta da wannan ma'auni, dabara take yi: tana lura da saurin juyin ƙaramshaf, duk bugun da ya faɗi sai juyin ya ɗan yi sanyi, ƙwaƙwalwa ta gane silindar da ta yi laifi. Ta haka aka kama silinda ta biyu a motar kawu.

Shi kuwa abin da ke cikin ludayin, wato yawan mai a bakin fulogi, da haske ake auna shi. Tururin fetur yana shanye wani haske da ido ba ya gani, na ƙasa da ja, mai tsawon zango kimanin maikuromita 3.4. Sai a ƙera fulogi na musamman mai zaren gilashi a jikinsa, a turo hasken ya ratsa 'yar tazara kusa da wurin tartsatsi, ya bugi ɗan madubi ya dawo. Gwargwadon hasken da ya ɓace, gwargwadon man da ke wurin. Tunda haske ba ya jira, ana iya bin yawan man a kowane bugu, tun daga zuƙa har zuwa tartsatsi. Masu bincike a jami'ar Okayama ta Japan suna cikin waɗanda suka yi fice a wannan hanya. Wasu kuma injin gwaji suke ginawa mai tagar gilashi, su haska zanen hasken leza a cikin silinda su ɗauki hoton yadda mai ya bazu. Idan aka jera awon haske da awon matsi bugu da bugu, sai a ga ko bugun da ya yi rauni shi ne wanda ya tarar da tsararo. Wannan ilimi ne ya ba da damar ƙera injunan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, su tara ɗan kauri a bakin fulogi da gangan alhali sauran silindar tsinkakke ne. Wato an koyi ajiye gaya a inda ludayi zai sauka.

Idan Man Ya Canja

Adadin 14.7 na fetur ne kawai, ba na kowane mai ba. Mazauna Abuja ba za su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukuma ta sanar cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, aka janye shi daga kasuwa, layukan mai suka cika gari makonni. Metanol yana ɗauke da oksijin a jikinsa, kilo 6.4 na iska kawai yake buƙata. Idan ya yi yawa a fetur, inji zai fesa adadin da ya saba amma haɗin ya fito a tsinke. Mota mai na'urar salansa za ta yi ta ƙara mai har ta kai iyakarta, mai kafireta kuwa ba ta da yadda za ta yi. Ban da haka metanol yana cin wasu robobi da ƙarafan hanyar mai.

Iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023 don rage raɗaɗin janye tallafi, ita kuma ta ɗaya ɓangaren take. Mafi yawanta mitan ne, mai buƙatar kimanin kilo 17 na iska. Tana da fa'ida a fili a kan batunmu, domin gas da iska sun fi saurin garwayuwa fiye da ɗigon ruwan mai, furarta ba ta cika gaya ba. Amma tana cin wurin da iska za ta shiga, shi ya sa ƙarfin mota kan ragu da kimanin kashi 10, kuma ta fi fetur wuyar kunnawa, don haka fulogi ko kwayil mai rauni da fetur ke rufa wa asiri, gas zai tona shi.

Da kawu ya fara maganar mayar da motar mai amfani da gas, matashin nan na Apo ya ba shi shawara biyu. Ta farko, kada ya yarda a taɓa na'urar salansa, domin da ita ƙwaƙwalwa za ta ci gaba da gyara haɗi ko a kan gas. Ta biyu, kada ya karɓi mota sai masu aikin sun jona kwamfuta sun hau titi da shi, a sulo da kan gudu da hawan tudu, ya ga da idonsa adadin gyaran mai a kan gas ya yi kusa da na fetur. Kawu ya sa na rubuta masa su a bayan takardar balas, ya ninke ya sa a aljihun gaban mota.